Ba doka ce ta ce jam'iyyu biyu kawai a Amurka ba

Da yawa sun ɗauka doka ce ta taƙaita siyasar Amurka ga Democrat da Republican. Ko kusa. Kundin tsarin mulkinsu bai ma ambaci jam'iyya ba, kuma ga Libertarian da Green nan suna tsayar da 'yan takara.

Wajen rabon wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa ne gizo ke saƙar. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya fi ƙuri'a a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf. A 1992 Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ko wakili ɗaya bai tsira da shi ba.

Shi ya sa mai zaɓe, ko manyan biyun sun gundure shi, yake cijewa ya dangwala wa mai dama-dama, kada ƙuri'arsa ta tashi a tutar babu.