Ma'anar SPS: Murjanin Dutse Mai Ƙananan Bakuna da Kiwonsa a Gida

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen Bakatsine. Iyayenmu mata sun san shi a matsayin jan dutsen ado da ake jerawa a zare, wanda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga ƙasashen bakin Bahar Rum, almajiri kuma ya san shi daga Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u cikin abubuwan da suke fitowa daga teku. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne murjani ƙashin wata dabba ne, kuma a yau akwai mutanen da suke kiwon dangin wannan dabba da ransu a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri a falonsu, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru a tsakar gida. A bakin waɗannan masu kiwo ne ake yawan jin haruffa uku, wato SPS.

Haruffan taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci, ma'anarsu kuwa ita ce murjanin dutse mai ƙananan bakuna. Abin da ido yake gani kamar reshen itace ko ƙahon barewa, taro ne na dubban ƙananan dabbobi manne da juna, waɗanda masana suke kira folif, kowanne da baki ɗaya a tsakiya da 'yan yatsu masu harbi kewaye da shi, da su yake kama abincin da ruwa ya kawo masa. A jinsin SPS faɗin folif ɗaya bai cika wuce milimita 1 zuwa 3 ba, wato kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. An jingina shi ga dutse ne saboda kowane folif yana zuƙar sinadarin kalsiyam da na kabonet daga ruwa, ya gina wa kansa ɗan ƙoƙo mai tauri da zai zauna a ciki, daga irin abin da aka yi ɓawon ƙwai da wuri da shi. Naman da yake da rai bai fi fatar albasa kauri ba, yana lulluɓe ne kawai a saman wannan gini, shi ya sa rauni kaɗan yake tona farin ƙashin da ke ƙasa. Kishiyarsa a harshen masu kiwo shi ne LPS, mai manyan bakuna da nama mai kauri da ke kumbura yana rausaya a cikin ruwa, sai kuma murjani mai taushi wanda ba ya gina dutse ko kaɗan.

Ya kamata a sani cewa wannan rabe-rabe na 'yan kasuwa ne da masu kiwo. Masana halittu suna rarrabe murjani ne ta siffar ƙashinsa da ƙwayoyin gadonsa, kuma akwai jinsunan da har yau ake saɓani a kan ɓangaren da za a saka su. Shi ma jan murjanin da ake ado da shi ba ya cikin SPS, domin yana zaune ne a wurare masu duhu da zurfi, ba ruwansa da hasken rana. Waɗanda ake nufi idan an ce SPS su ne irin su Akrofora, mai jinsuna fiye da 100 kuma mafi wuyar sha'ani, da Montifora wanda wani nau'insa yake shimfiɗuwa kamar faifai, da Siriyatofora mai siraran rassa da ake yi wa laƙabi da sheƙar tsuntsu. Su da danginsu ne suka gina manyan tuddan ƙarƙashin teku, kamar na gabashin Ostareliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300, da na Bahar Maliya da ke daura da Jidda, da tsibiran Maldibs inda aka riƙa kwaso wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Katsina. Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan tuddai, saboda laka da ruwan daɗi da kogin Kwara yake zubarwa a can ba su bar ruwan ya yi garau ba.

Sai dai idan mai kiwo ya ce tankinsa na SPS ne, yana faɗin abin da ya wuce girman baki. Yana sanar da kai ne cewa ya ɗauki nauyin dabbar da ba ta yafe sauyi. Asalin wannan hali yana cikin namanta, inda wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, da ake kira zuzantela, take zaune a matsayin 'yar haya. Folif ya ba ta masauki da taki daga ƙazantarsa, ita kuma ta yi amfani da haske ta sarrafa sukari ta biya shi, har ya zama mafi yawan abincinsa daga gare ta yake samu. Zaman nasu yana da sharaɗi mai tsauri: idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, sai folif ya kori 'yar hayarsa, launinsa ya zube, ya koma fari fat. Idan yanayi bai daidaita da wuri ba, yunwa ce take kashe shi. Wannan shi ne abin da ya faru a tekunan duniya a 1998, ya sake faruwa a 2016 da 2024, kuma Akrofora yana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Abin da ya gagari teku mai faɗi, to ina ga ruwan tankin da bai fi duro ɗaya da rabi ba.

Saboda haka aikin mai kiwo ya fi kama da na mai awo. Gishiri ya zama kimanin giram 35 a kowace lita, abin da na'urar awo take nunawa da 1.025 zuwa 1.026. Zafin ruwa ya tsaya a digiri 25 zuwa 26, kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, magniziyam wajen 1,300. Ƙazantar da kifi da ragowar abinci suke bari, wato naitiret da fosfet, ana so ta yi ƙasa sosai amma kada ta ƙare ƙarƙaf, domin gansakukar nan tana buƙatar ɗan taki, kuma murjanin da aka tsabtace wa ruwa fiye da kima yakan koɗe.

Awon da ya fi kowanne ɗaukar hankalin masu SPS shi ne alkaliniti, wato adadin kabonet da ruwa yake riƙe da shi, wanda ake so ya zauna tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Dalili kuwa shi ne ruwan teku yana da kalsiyam mai yawa amma ajiyarsa ta kabonet 'yar kaɗan ce, don haka murjani mai girma yakan cinye ta cikin kwanaki, kuma a tankin da ya cika da rassa awon yana iya sauka da maki 1 ko fiye a yini guda. Ana mayar da abin da aka cinye ta hanyar ɗiga ruwan sinadarai biyu dabam-dabam, na kalsiyam da na kabonet, ko ta ruwan ƙonanniyar farar ƙasa da aka jiƙa aka bari ya kwanta, dabarar da masu kiwo a Turai suka yaɗa tun shekarun 1970. A birnin Balin na Jamus ne kuma, cikin shekarun 1980, Dietrich Stüber ya nuna cewa Akrofora yana iya girma a tankin gida, a lokacin da mutane da yawa suke ganin hakan ba zai yiwu ba. Abin lura a nan shi ne tankin da ya zauna a 7.5 wata da watanni ya fi lafiya a kan wanda yake 7 yau, gobe 9, ko da yake duka lambobin biyu suna cikin abin da aka yarda da shi. Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga awo ya sauka, ya firgita, ya zuba magani da yawa a tashi ɗaya, gyaran ya yi ɓarnar da saukar ba ta yi ba.

Haske da motsin ruwa ba su da wuyar fahimta, kuɗi da wutar lantarki kawai suke ci. Ana kunna fitilu masu ƙarfi da shuɗin haske ya rinjaya a cikinsu na awa 8 zuwa 12 a kullum, a kuma sa famfunan da za su juya ruwan tankin sau 30 zuwa 50 a awa, domin folif ba ya tashi daga inda yake, ruwa ne yake kawo masa abinci ya kuma kwashe masa ƙazanta.

Na ga yadda waɗannan lambobi suke komawa aiki a gidan wani ƙanena, ɗan kawuna, wanda ya koyo sha'awar abin lokacin da yake karatu a Malesiya, ya dawo ya kafa tanki mai lita 300 a ɗakinsa da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Ranar da na fara zuwa sai da ya ba ni tabarau na ƙara girma, ya ce, "Yaya, matso kusa ka dubi wannan reshen, amma don Allah kada ka taɓa gilashin." Da na duba sai na ga abin da na ɗauka busasshen ƙirare ne cike yake da 'yan gashi kore suna kaɗawa, kowane rami da mazauninsa, kuma da wani ɗan kifi ya gifta kusa sai duk suka shige ciki lokaci guda. A watan Afrilun da ya biyo baya, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, aka ɗauke wuta kwana biyu, baturan sola suka kasa ɗaukar na'urar sanyaya ruwa da famfuna tare, ruwan ya kai digiri 31. Ya yi ta jefa robobin ƙanƙara a ciki har dare ya raba. Da safe naman Akrofora guda uku ya fara saluɓewa daga gindi zuwa sama kamar ana feɗe shi, kafin la'asar babu abin da ya rage sai farin ƙashi. Da na je yi masa jaje abin da ya ce shi ne, "Yaya, ashe batir ya kamata in fara saya kafin in sayi murjani."

Ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma hunturu ma bai bar shi ya huta ba. Sanyin daren Disamba da Janairu yana tilasta a kunna na'urar ɗumama ruwa, busasshiyar iska kuma tana shanye lita da yawa a yini. Da yake ruwa ne kawai yake tashi, gishirin yana nan, dole a riƙa cike gurbin da ruwan daɗi zalla, in ba haka ba gishirin ya yi ta hawa ba a sani ba. Ruwan kansa wani babi ne. Na rijiyar burtsatse da na famfo da na leda duk suna da kyau ga ɗan Adam idan an tsabtace su, amma suna ɗauke da narkakkun ma'adanai da murjani ba ya jurewa, don haka sai an bi da su ta matata ta musamman har na'urar awo ta nuna sifiri. Gishirin girki bai yi ba, balle manda ko kanwa. Akwai haɗaɗɗen gishirin teku da ake sayarwa a bokiti, kuma duro mai lita 200 yana cin wajen kilo 7. Jan ƙarfe guba ne a gare shi ko da ɗan kaɗan ne, haka nan maganin sauro na feshi, shi ya sa ɗakin da tankin yake ba a fesa komai a cikinsa, ba a kuma sa hannu a ruwan da man shafawa ko sabulu a jiki. Ƙanen nawa har turaren wuta ya roƙi maiɗakinsa ta riƙa kunnawa a wani ɗakin, saboda na'urar da ke fitar da kumfar ƙazanta iskar ɗaki take zuƙa tana cuɗawa da ruwan.

Wani abin da ya sa SPS ya yaɗu a hannun masu kiwo shi ne ana dasa shi kamar rogo. A karya reshe mai tsawon santimita 2 ko 3, a manna shi da gam mai kama nan take a kan ɗan dutse, cikin makonni ya shimfiɗa gindi ya fara sabon gini. Da haka reshe ɗaya yake zagaya gidaje da ƙasashe ba tare da an koma teku ba, kuma wanda aka raina a tanki ya fi wanda aka ciro daga teku juriya. Duk murjanin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittu, wadda Najeriya take cikinta, saboda haka ƙetara iyaka da shi sai da takardar izini, kuma Indunusiya, wadda take cikin manyan masu fitar da shi, ta taɓa dakatar da fitarwar a 2018 na kusan shekara biyu. Ga wanda yake Katsina ko Daura, fiye da kilomita 1,000 daga teku ta hanyar mota, akwai ƙarin damuwar tafiya, domin reshen da aka ƙulle a leda yana da kwana ɗaya ko biyu ne kawai, kuma bayan mota da rana tsaka ya isa ya dafa shi. Idan ya iso lafiya sai an tsoma shi a ruwan magani kafin ya shiga tanki, saboda wasu tsutsotsi masu faɗi da suke cin naman Akrofora suna ɓuya a gindinsa da ƙwayayensu.

Masu gogewa ba sa saka SPS a sabon tanki sai ya yi wata 6 zuwa shekara, ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta sun zauna da gindinsu, awo kuma ya daina tsalle. Ko a lokacin ma da Montifora ko sheƙar tsuntsu ake farawa. Haka ƙanen nawa ya yi bayan asararsa: ya ƙara batir, ya ware wa famfunan layinsu dabam, ya bar tankin da kifi kawai har damina ta wuce, sannan ya kawo ɗan faifan Montifora ja mai faɗin murfin kwalba. Zuwana na ƙarshe na ga gefen faifan ya yi fari kewaye, na tambaye shi ko ciwon ne ya dawo. Ya ce a'a, farin da yake a baki ko a kan tsinin reshe sabon gini ne da gansakuka ba ta riga ta shiga ba, wanda ake tsoro shi ne farin da ya taso daga gindi. Ya ɗauko ruler ɗinsa na makaranta ya dafa a jikin gilashin, faifan ya kai santimita 7.