Waiwaye: Yadda shasin akori-kura ya taso daga ƙarfe zuwa zubin alminiyon

Tun da kamfanin Tesla ya buɗe harkarsa a Riyad cikin Afrilun 2025, ya kuma baje akori-kurarsa mai lantarki Cybertruck a wurin bikin, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan uwanmu masu gyaran mota a Sina'iyyar Jidda da ta Makka, wato unguwannin garejoji: shasin da aka yi da zubin alminiyon zai jure abin da na ƙarfe ke jurewa? Samari sun fi karkata ga sabon abu. Kawuna kuwa, wanda ya tsufa a kan walda, da na nuna masa hoton ƙarƙashin motar, abu ɗaya ya tambaye ni: "Ɗana, in wannan ya tsage a hawan Ɗa'if, wa zai kama shi?"

Maganar ta girmi motar lantarki nesa ba kusa ba. A 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fito da Land Rover da bodin alminiyon, amma shasinta na ƙarfe. Hilux ta zo a 1968, sannan Land Cruiser samfurin 70, wadda a nan ake kira shas, a 1984. Su ne suka kafa abin da muka sani da motar aiki: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, an ɗaure su kamar tsani, komai na zaune a kansu. Su ke kwasar tumaki zuwa Ka'akiyya, kasuwar dabbobi ta Makka, gab da aikin Hajji, su ke shiga sahara da tankin ruwa a baya.

Ƙarfe yana da nasa ciwon, wato tsatsa. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar mota a Jidda ya san aikin da raɓa da gishirin Bahar Maliya ke yi. A Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, Toyota ta amince a 2016 da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia da suka ruɓe. Ga kuma nauyi. Nauyin alminiyon wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, shi ya sa Ford ta mayar da bodin F-150 na alminiyon a samfurin 2015, ta rage wajen kilo 300. Duk da haka ba ta taɓa shasin ba, kuma ko da ta fito da ta lantarki, Lightning, a 2022, a kan ƙarfe ta ɗora batirin.

Tesla ce ta tsallake wannan iyaka. A 2020 ta fara amfani da wani ƙaton injin zubi na kamfanin Idra na Italiya, ta narka alminiyon ta zuba ƙasan bayan motarta Model Y gaba ɗaya, guntu ɗaya a madadin kusan 70 da ake haɗawa a da. Na Cybertruck ya fi girma, injin da ke matse shi yana da ƙarfin tan 9,000. Motar da aka fara miƙa wa masu saye a Nuwamban 2023 tana da zubi a gaba, zubi a baya, batir a tsakiya yana riƙe su. Dalilin a fili yake: batir nauyi gare shi, motar ta kai wajen tan 3, kuma zubi yana rage wa masana'anta lokaci da kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kowanne ke gazawa, kuma duk matar da ta yi girki ta san shi. Kwanon ƙarfe in ya faɗi lotsewa yake yi, a bubbuge shi ya koma aiki. Tukunyar zubi in ta faɗi a kan dutse, tsagewa take yi. Haka abin yake a mota. Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, direba ya ga alama, ya lallaɓa zuwa gareji. Zubi ba ya miƙewa sosai, kuma in an sami 'yan kumfar iska a cikinsa lokacin zubawa, daga nan tsaga ke farawa. Akwai kuma gajiya. Ƙarfe yana da wani mizani wanda in lodi bai kai shi ba, zai yi ta ɗauka kusan ba iyaka. Alminiyon ba shi da wannan mizanin, kowace girgiza tana cin wani abu daga kwanansa, ko da kaɗan ne. Injiniya na iya lissafa wannan ya ƙara kauri, kamar yadda ake yi a jirgin sama. Sai dai jirgi yana da masu duba shi a kan kari, akori-kurar da ke bin gargada a hanyar ƙauye kuwa ba ta da kowa sai mai ita.

Bidiyoyin da samari ke yawo da su a waya sun ƙara rura wutar. A 2024 wani mai tashar YouTube ya ɓalle bayan Cybertruck yana jan wata mota, amma bayan ya riga ya sha buga ta da kankare. A 2025 wani ya danna maƙalin tirela da katafila har zubin ya fashe, a nauyin da ya haura kilo 4,500, alhali abin da aka amince ya danna wurin bai wuce kilo 500 ba. Adalci shi ne a ce zubin yana da ƙarfi. Amma a duka biyun ɓallewa ya yi farat ɗaya.

Gyaran kuma ba irin wanda muka saba ba ne. Alminiyon na narkewa a digiri 660, waldarsa sai da iskar argon, kuma zafin walda yana raunana gefen da aka kama. Tesla tana da hanyar yanke wani sashe a maye gurbinsa da gam da rifit, amma sai a garejin da ke da kayanta da horonta. Mai shas a Jizan ko Laith bai saba da haka ba. Ya saba da mai walda mafi kusa, da aikin yini guda.

Saudiyya kanta ta kama hanyar nan. Ma'aden, kamfanin ma'adinai na ƙasar, tana narka alminiyon a Ras al-Khair, Lucid, mai ƙera motar lantarki, ta buɗe masana'antarta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah a Satumban 2023, an kafa Ceer, kamfanin motar lantarki na ƙasar, a 2022, ana kuma son kashi 30 cikin ɗari na motocin Riyad su zama na lantarki kafin 2030. Kawu bai canza ra'ayi ba, har yanzu ya ce shi dai ƙarfe zai ɗora wa tumakinsa. Amma watan jiya ya sayo tukunyar argon, ya kuma tura ƙaramin yaron shagonsa wajen wani Bafilipine ya koyi kama alminiyon.