Waiwaye: Wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine domin masu buƙata ta musamman

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta ɗibar wa masu gine-ginen jama'a da motocin sufuri a Najeriya, domin su gyara su yadda naƙasassu za su iya shiga, ya cika. Tun daga lokacin, duk asibiti ko banki ko kotu ko makarantar da gurgu ba zai iya shiga da kekensa ba ta saɓa wa dokar ƙasa. Wa'adin ya zo ya wuce salin-alin, matakalar da ke ƙofar yawancin ofisoshi kuwa tana nan daram.

An daɗe ana tafiya kafin a iso nan. A ƙasar Hausa tun fil azal akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kowanne da jama'arsa, kuma fada ta san da zamansu. Sai dai tsari ne da ya ginu kan tausayi da sadaka. Ba wanda ke tambayar ko makaho zai iya isa gaban alƙali shi kaɗai, tunda akwai ɗan jagora. Maganar cewa ginin ne ya kamata a gyara, ba mutumin a ɗauka cak a shigar ba, ta yi ƙarfi ne bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar naƙasassu. Amurka ta yi dokarta a 1990, Birtaniya ta bi sahu a 1995. A Disambar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙoƙinsu. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010.

Daga nan sai jan ƙafa. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin wannan doka a 2011, ta sake zartarwa a 2015, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. Wasu jihohi ba su tsaya jiran Abuja ba: Filato ta yi tata dokar tun 2005, Legas ta yi a 2011 har da kafa ofishin kula da lamarin. A Janairun 2019, ana dab da babban zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a talabijin cewa ƙudirin bai iso teburinsa ba. Masu buƙata ta musamman suka fito zanga-zanga a Abuja, kafin mako ya zagayo ya sa hannu, ranar 23 ga wata. Wanda ya ce guguwar zaɓe ba ta taimaka ba, bai san siyasar ƙasar nan ba. A Agustan 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai sa ido, James Lalu ya zama sakatarenta na farko, a 2024 kuma Ayuba Gufwan, wanda shan-inna ta taɓa tun yana yaro, ya gaje shi.

Dokar ba ta yi rowar tanadi ba. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Ta ce a ba su gaba a layi, a ware musu wurin ajiye mota, hukumomin gwamnati su ba su aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma haramta amfani da su wajen bara. Amma sashen da na fi ganin muhimmancinsa shi ne na zanen gini. Jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a alhali ba a yi tanadin hanyar masu buƙata ta musamman ba, yana fuskantar tarar naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu, ko duka. A kan teburin nan ne maganar take ƙarewa. Gyara layi a takarda ba ya cin komai. Fasa kankare bayan an gama gini, shi ne mai gida ke gudu.

Inda ma aka yi gyaran, sau da yawa na fita kunya ne. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, duk tsayin mita ɗaya yana buƙatar gangara mai tsawon mita 12, da abin dafawa a gefe, da ƙasa mara santsi. Me ake gani? Birkila ya zuba siminti a kan matakala huɗu ya shafe, ya ɗora tayil mai sheƙi, gangarar ta miƙe tsaye har mai ƙafa biyu ma sai ya yi taka-tsantsan. Ko kuma gangarar ta yi kyau amma kwata buɗaɗɗiya na gabanta, ko an faka babura a bakinta. Ƙofar tsaron banki ta ishi mutum misali: akwati ne na mutum ɗaya, keke ba ya shiga, sandar ƙarfe kuma na sa na'ura ta yi ƙara ta ƙi buɗewa. Sai mai gadi ya ce, "Malam, jira a nan, bari a kira maka wani." Ma'aikaci ya fito da takardu, a yi maganar kuɗin mutum a bakin titi, cikin rana, kowa na ji. Kurma kuma matsalarsa ba ta siminti ba ce: a asibitin da babu mai fassara da maganar hannu, ɗan'uwansa ne ke jin sirrin cutarsa kafin shi.

An ɗan motsa a fagen zaɓe. Hukumar INEC ta fara kawo jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi da gilashin ƙara girman rubutu, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta ambaci irin waɗannan kayan taimako. Sai dai rumfar zaɓen da ke bayan lambatu ko a kan baranda mai tudu tana nan, ko da kayan sun iso.

Cikas biyu ne suka fi riƙe dokar. Na farko, izinin gini a hannun jihohi yake: hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, haka kowace jiha da tata. Hukumar da ke Abuja ba ta zaune a teburin da ake buga wa zane hatimi, shi ya sa ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suka matsa wa majalisun jihohi lamba su yi nasu dokokin, su kafa hukumomi masu kasafin kuɗi. Na biyu, tarar ta yi laushi. Kamfanin da aka kai wa koke ya ƙi cire shinge, diyyar naira 10,000 ce a kansa kowace rana. A 2019 wannan kuɗi ya kai kusan dala 28. Bayan faɗuwar naira daga 2023 bai kai dala 10 ba, kuma sai mai ƙara ya fara samun hanyar hawa benen kotun kafin ya nema.