Kiwon Kawar Tridacna a Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri: Tambayoyi da Amsoshi

Masu kiwon murjani (halittar nan ta teku mai gina dutse) a tankin gilashi sukan kai wani matsayi da ransu ke biya musu kawar Tridacna, wadda namanta ke ƙyalli da shuɗi da kore da ruwan zinariya. Tana da kyau ƙwarai, amma da yawa suna mutuwa cikin makonni kaɗan da saye, galibi saboda an kawo su tankin da bai shirya karɓar su ba. Ga tambayoyin da mai sha'awa ya kamata ya samu amsarsu kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wace irin halitta ce wannan?

Dabba ce mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, dangin makankarin da ake tsinta a bakin kogi, sai dai ita a teku mai ɗumi take rayuwa, cikin duwatsun murjani na tekun Indiya da na Fasifik. Akwai ta a Bahar Maliya ma, har da gaɓar Sudan wajen Sanganeb, kusa da Port Sudan. Babbar cikinsu, Tridacna gigas, tana wuce mita 1 a tsawo, nauyinta ya haura kilo 200. Abin da ke jan ido shi ne mayafin naman da take shimfiɗowa a kan bakin ɓawon idan ta buɗe.

Me take ci?

A nan ne asirin kiwonta yake. A cikin wannan mayafi akwai miliyoyin ƙananan tsirrai dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani, masana na kiransu zooxanthellae. Su ne ke amfani da haske su haɗa sukari kamar yadda ganye ke yi, kawar ta ci daga ciki, ita kuma ta ba su mazauni da sinadaran da jikinta ke fitarwa. Wato gonarta a jikinta take. Shi ya sa take wuni a buɗe tana fuskantar sama, ba ta binne kanta cikin laka kamar wasu danginta.

Don haka haske shi ne tuwonta. Idan fitila ta yi rauni, yunwa ce za ta kashe ta, kuma a hankali, ta yadda mai ita ba zai gane ba sai abu ya yi nisa. Za ta yi wata biyu ko uku tana buɗewa kamar lafiya lau alhali tana cin ajiyar jikinta ne, wata safiya a tarar ta saki baki. Fitilar ɗaki ko wadda ake sa wa kifin ruwan daɗi ba za ta yi ba. Ana bukatar fitilar LED da aka ƙera domin murjani, mai ƙarfi, tana ci kamar awa 8 zuwa 10 kullum a kan lokaci ɗaya.

Tana kuma tace ruwa ta tsinci 'yan ƙananan halittu. 'Yar ƙarama wadda ba ta kai santimita 5 ba ta fi dogara da wannan, domin mayafinta bai yi faɗin da zai ciyar da ita ba. Saboda haka nake ba sabon mai kiwo shawarar ya bar ƙananan, duk da sun fi araha, ya nemi wadda ta kai santimita 7 ko fiye.

Wace iri ce ta dace da ƙaramin tanki?

Biyu ne: crocea da maxima. Crocea ita ce ƙarama a dangin, iyakarta kamar santimita 15, sai dai ta fi kowace son haske. Maxima takan kai santimita 30 bayan shekaru masu yawa, amma girmanta a hankali yake. Derasa ta fi su haƙuri da ƙarancin haske, kuma ta fi sauƙin riƙo, matsalarta saurin girma, tana iya kaiwa santimita 60. Wanda ya sa ta a tankin lita 60 ya san cewa nan gaba sai ya nema mata wani gida. Gigas kuwa ba ta ƙaramin tanki ba ce ko kusa.

Me ya sa ƙaramin tanki ya fi wahala? Ai kamar ya fi sauƙin kula.

Haka mutane ke zato, amma ruwa kaɗan saurin canzawa yake yi. Ɗauki tankin lita 40. Idan lita 1 ta ƙafe saboda zafi, gishirin ba ya bin tururi, yana nan, sai yawansa ya tashi daga giram 35 a kowace lita zuwa kusan 36 a wuni guda. A tankin lita 400 wannan lita ɗaya ba za a ji ta ba. Haka zafi, haka datti. Kawa kuwa ba abin da ta ƙi jini kamar yau ruwa haka, gobe haka.

Akwai kuma abin da ita kanta take jawowa. Da sinadarin kalsiyam da kabonet na cikin ruwa take gina ɓawonta, kuma tana sha da yawa. Kawa ɗaya mai girma tana iya rage alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin da ke cikin ruwa, na ƙaramin tanki cikin 'yan kwanaki har murjanin da ke tare da ita ya fara jin jiki. Dole a riƙa aunawa, a riƙa mayar da abin da ta sha.

Ma'aunan da masu kiwo ke riƙewa su ne gishiri wajen 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, alkaliniti 8 zuwa 9 a ma'auninsa da ake kira dKH, magnesiyam wajen miligiram 1300 a kowace lita. Tsayawa daram a kan adadi ɗaya ya fi muhimmanci fiye da bin wani adadi na musamman ana hawa ana sauka. Ruwan da ya ƙafe kuma da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, ba da ruwan gishiri ba, ba kuma da ruwan famfo ko na rijiya kai tsaye ba.

Yaushe zan iya saka ta bayan na haɗa tankin?

Ba kafin wata 6 ba, shekara guda ta fi. Idan murjani mai tauri yana girma a tankinka, kuma awon ruwanka bai motsa ba tsawon makonni, lokaci ya yi.

Ta yaya zan gane mai lafiya a wurin saye?

Wuce da tafin hannunka tsakaninta da fitila. Mai lafiya za ta zabura ta janye mayafinta nan take, domin tana da ɗaruruwan 'yan idanu masu gane inuwa, sa'an nan ta sake buɗewa. Wadda ba ta motsa ba, ko ta motsa da kasala, ka bar ta. Duba mayafin ya shimfiɗu har ya rufe bakin ɓawon, babu inda ya koɗe ya yi fari, kuma ramin da take shaƙar ruwa bai wangale ba. Ka nemi a juya maka ita ka ga ƙasanta, kada a samu yagewa.

Ka kuma tambayi asalinta. Tun 1985 duk dangin nan suna cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wato ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takardar izini. An yi musu ɗiba mai yawa a teku saboda nama da ɓawo, har gigas ta ƙare a wasu tsibiran da a da take da yawa. Yau ana haifar su a gonakin ruwa a Palau da Tsibiran Marshall da wasu wurare a Fasifik. A ganina bai dace mutum ya sayi wadda aka ɓamɓaro daga teku ba alhali ga ta gona, wadda ma ta fi sabawa da rayuwar tanki.

A ina zan ajiye ta a cikin tankin?

Crocea da maxima 'yan dutse ne. Ta ƙasansu suna fitar da wasu zaruruwa masu ƙarfi su manne, crocea ma har rami take ci a cikin dutsen ta zauna. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora ta a kan ɗan faffaɗan dutse ta manne masa, sai a fara ajiye ta a ƙasa, a riƙa matsar da ita sama kusa da fitila sannu a hankali cikin makonni biyu ko uku. Idan ta manne, kada a fizge ta. Fizga na iya yaga gaɓar da ke fitar da zaruruwan, kuma wannan rauni yakan zama ajalinta. Idan ya zama dole a cire ta, a yanke zaruruwan da reza daga jikin dutsen.

Ruwa ya riƙa ratsa ta a hankali, ba ya dake ta har mayafin ya naɗe ba. Idan ta yi ta ture kanta tana faɗowa, wurin ne bai yi mata ba.

Me kuma ke kashe ta bayan ƙarancin haske?

Akwai wasu 'yan dodon koɗi farare, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, masu tsotse mata jiki. Da rana suna ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, da dare su hau. Sai an haska tocila bayan an kashe fitila ake ganinsu, a cire su da hannu, a goge ƙwansu da buroshin haƙori, a maimaita har su ƙare. Wasu kifaye kuma, musamman dangin angelfish da butterflyfish, sukan yi ta tsakurar mayafin. Ko ba su ji mata ciwo ba, za ta yi ta rufewa, kuma kawar da ke rufe ba ta samun haske. Akwai kuma cutar da ke sa gefen mayafi ya tattare kamar an tsunkule shi, tana yaɗuwa daga kawa zuwa kawa, shi ya sa ake keɓe sabuwa kafin a haɗa ta da na gida.

Idan ta mutu a cire ta nan da nan, domin namanta na iya ɓata ruwan ƙaramin tanki cikin awanni.

Wanda ke zaune a wuri mai zafi da ɗaukewar wuta zai iya?

Zai iya, amma sai ya fara warware waɗannan biyun. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin bazara yana wuce digiri 40, ruwan tanki kuwa idan ya daɗe sama da 30 kawar za ta fara zubar da tsirran jikinta ta koɗe. Fanka mai busa saman ruwa tana rage zafi kaɗan, amma tana ƙara ƙafewa, don haka a irin wannan yanayi sai na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan. Famfon juya ruwa kuma bai kamata ya tsaya na awanni ba, domin iskar shaƙa za ta ragu. Sola da batir da inbata su ne farkon abin saye, kafin tankin ma.

Ta yaya zan san tana jin daɗin zama?

Ka riƙa leƙa ƙarƙashin mayafin, daidai bakin ɓawon. Idan tana girma za ka ga sabon layi fari tas, wanda gansakuka ba ta riga ta hau ba. Idan wata biyu suka wuce babu wannan farin layi, ka auna alkaliniti da kalsiyam, in sun yi daidai ka matsar da ita kusa da fitila.