Tallafin Kuɗin Haya a Ostiraliya

Tallafin kuɗin haya, wanda ake kira Commonwealth Rent Assistance a hukumance, wani ƙari ne da gwamnatin tarayyar Ostiraliya ke ɗorawa a kan kuɗin agajin da take bai wa masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan haya. Ba a cire masa haraji, kuma ana biyansa duk bayan mako biyu tare da ainihin agajin da mutum ke karɓa. Hukumar Services Australia ce ke raba shi ta sashenta na Centrelink, sai tsofaffin sojoji da ke karɓar nasu daga ma'aikatar kula da lamuransu. Asalinsa wani ɗan ƙari ne da aka fara bai wa 'yan fansho a 1958, a zamanin Firaminista Robert Menzies. A yau gidaje fiye da miliyan ɗaya ne ke cin gajiyarsa.

Zaman haya kaɗai ba ya sa mutum ya cancanta. Sai ya kasance yana karɓar ɗaya daga cikin agajin gwamnati: fanshon tsufa, na naƙasa, na masu jinyar wani, na iyaye masu reno, JobSeeker na masu neman aiki, ko Youth Allowance da Austudy na matasa da ɗalibai. Iyalan da ke karɓar tallafin yara sama da mafi ƙarancin mataki su ma suna ciki. Wanda ke zaune a gidansa na kansa ba ya samu. Haka wanda ke haya a gidan gwamnatin jiha, don an riga an sassauta masa kuɗin daidai da samunsa.

An faɗaɗa ma'anar haya sosai a dokar. Wanda ya kama ɗaki ɗaya a gidan wani, da wanda ke biyan kuɗin filin da ya kafa gidansa na tirela, har da mai kwana a jirgin ruwa yana biyan kuɗin wurin ɗaure shi, duk 'yan haya ne. Idan kuɗin ɗaki haɗe yake da na abinci kuma ba a iya rarrabe su, sai a ɗauki kashi biyu bisa uku a matsayin haya.

Lissafin shi ne inda mutane suka fi rikicewa. Akwai wani adadi da dole hayar ta haura kafin a fara biya. Daga nan, a kan kowace dala ɗaya da ta ɗaru, gwamnati na bayar da santi 75, har a kai iyakar da aka yanke. A misali, a ce adadin dala 150 ne a mako biyu, mutum kuma yana biyan 350. Rarar 200 ce, tallafinsa ya kama 150. Da ya kai iyaka, ko mai gida ya ninka haya ba a ƙara masa ko santi. A ranar 20 ga Satumba 2024 iyakar ta mutum ɗaya marar 'ya'ya ta kai dala 211.20 a mako biyu. Marar aure da ba shi da 'ya'ya, in yana raba gida da wasu, kashi biyu bisa uku na iyakar kawai zai iya samu.

Babu wata takardar nema ta daban. Lokacin da mutum ke neman agajinsa ake tambayarsa inda yake zaune da abin da yake biya. Wanda ya riga ya shiga tsarin sai ya sabunta bayanin mazauninsa ta asusunsa na myGov, shafin intanet na gwamnati, ko ta waya, ko ya je ofis da ƙafarsa. Hujja ake nema: yarjejeniyar haya mai ɗauke da sunansa. In babu ita, Centrelink na ba shi takardar shaidar haya ya kai wa mai gida ya sa hannu. A nan ne masu zaman amana, waɗanda suka shiga gida da magana ta fatar baki, suke shan wuya, don wani mai gidan sai ya yi ta jan ƙafa. Duk wani sauyi kuma, tashi daga gida ne ko ƙarin haya ko raguwarta, dole a sanar cikin kwana 14. Wanda ya yi shiru aka biya shi fiye da haƙƙinsa, bashi ne a kansa.

Ana daidaita adadin sau biyu a shekara, 20 ga Maris da 20 ga Satumba, gwargwadon tashin farashin kayayyaki. Babban rauninsa ke nan, domin a birane irin su Sidni da Melbon haya ta sha yin gaba ta bar farashin sauran kaya a baya. Gwamnatin Firaminista Anthony Albanese ta ɗaga iyakar da kashi 15 cikin ɗari a Satumba 2023, ta sake ƙara kashi 10 a Satumba 2024. Ƙarin ya rage zafi, amma bai kai ba. Ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasar shi ne, mai ƙaramin ƙarfi da haya ke cinye sama da kashi 30 na samunsa yana cikin matsi, kuma da yawa daga masu karɓar tallafin suna sama da wannan layi ko bayan an biya su. Ƙungiyoyin kare masu ƙaramin ƙarfi irin su ACOSS da Anglicare Australia na ci gaba da neman a ɗaga shi, musamman saboda masu karɓar JobSeeker da tsofaffin da suka kai shekarun fansho ba su mallaki gida ba.