Shok ɗin baya na babur ɗin daji: gane lalacewarsa da gyaransa

Shok ɗin baya shi ne ƙarfen nan dake tsakanin jikin babur da hannun da ke riƙe da tayar baya, aikinsa ya shanye dukan da ƙasa ke yi wa taya kar ya kai ga mai tuƙi, sannan ya sa tayar ta ci gaba da manne da ƙasa. A baburan daji irin na tseren motokuros da enduro guda ɗaya ne tak a tsakiya ƙarƙashin kujera, ba biyu gefe da gefe ba kamar na Boxer da Jincheng ɗin da muka saba gani, kuma tayar baya tana iya hawa da sauka har wajen milimita 300.

Kamfanin Yamaha ne ya fara fito da wannan tsari na shok ɗaya fili a 1973, daga tunanin wani injiniya ɗan Beljiyam mai suna Lucien Tilkens, kuma a shekarar ne Hakan Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar motokuros ta duniya ta ajin babura masu inji 250cc a kan irin babur ɗin. Zuwa farkon shekarun 1980 kowa ya bi sahu da nasa tsarin, Honda da Pro-Link, Suzuki da Full Floater, Kawasaki da Uni-Trak. Masu ƙera shok ɗin kansa yawanci Showa ne da KYB na Japan, sai WP da ake gani a KTM, sai Öhlins na Suwidin.

Abin da ke ciki

Mutane da yawa sifirin suke kallo dan shi ne a waje, amma sifirin nauyi kawai yake ɗauka. Ainihin aikin yana cikin silinda, inda fistin dake kan wata sandar ƙarfe ke kai komo cikin mai, man yana ratsa ramukan fistin ɗin yana ture wasu siraran faifan ƙarfe da ake ce wa shim waɗanda aka jera su ɗaya kan ɗaya, to wannan matsin da man ke sha shi ke hana sifirin ya yi ta wulla babur sama da ƙasa. A gefe akwai ƙaramar kwalba mai ɗauke da iskar naitirojin, yawanci matsinta bar 10 zuwa 12, an raba ta da man da bilada ta roba ko wani ƙaramin fistin. Iskar nan ita ke danne man kar ya yi kumfa idan fistin na gudu, dan da zarar mai ya yi kumfa to shok ya zama sifirin zalla.

Yadda ake gane ya gaji

Matsalar shok ita ce ba rana ɗaya yake mutuwa ba, a hankali yake sanyi har mai babur ya saba da shi ya ɗauka haka babur ɗin yake. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce mai a jikin sandar ko ƙura da ta jiƙe ta daskare kusa da robar dake ƙasan sandar, wannan sil, wato robar dake hana mai zubowa, ya tafi kenan. Sai kuma a danna kujera da ƙarfi a saki, lafiyayye zai taso a natse ya tsaya, wanda ya gaji kuwa zai yi tsalle ya sake lilo, wani lokacin har da ƙara kamar ana tsotsar ruwa, alamar iska ta shiga cikin mai. A kan hanya za ka ji baya na harbi a gargada, ko yana dukan ƙarshe a ramin da da can ba ya ji, ko kuma da safe lafiya lau amma bayan tafiyar minti ashirin da ya ɗau zafi sai ya saki gaba ɗaya. Idan an juya sukurorin saiti, waɗanda ke ƙara ko rage taurin shok, daga farko har ƙarshe ba a ji wani bambanci ba, ba sai an tambaya ba.

Amma kafin a ɗora wa shok laifi a ɗaga babur tayar baya ta bar ƙasa, a kama ta a jijjiga sama da ƙasa. In akwai wasa ko ƙwas-ƙwas, sau da yawa boris ɗin linkej, wato ƙarafan da ke haɗa shok da hannun taya, su ne suka bushe ko suka yi tsatsa, giris ko sabon boris ya gama magana. Haka kuma a auna yadda babur ke nutsewa, a manyan baburan tsere ana son wajen milimita 100 zuwa 105 idan mutum na kai, da 30 zuwa 40 idan babur ne shi kaɗai, in lissafin biyu ya ƙi haɗuwa to sifirin ne bai dace da nauyin mai shi ba.

Kwancewa da haɗawa

Bayan an ciro shi an wanke tas, a rubuta inda saiti yake da tsawon sifirin, a sassauta zobban a cire sifirin. Daga nan abu na farko, kuma nan babu wasa, a saki naitirojin duka kafin a taɓa kowane kilif, wato zoben waya mai riƙe murfi, dan murfin kwalbar na iya tashi da ƙarfin da zai ji wa mutum mummunan ciwo. Sai a tura kan sil ɗin ciki, a zare kilif, a jawo sandar da fistin ɗinta, a zubar da tsohon man, wanda galibi zaka tarar ya koma toka-toka yana wari saboda garin alminiyam da ya goge daga jikin silinda.

Notin kan sandar a shok ɗin Showa da KYB an daddake bakinsa daga kamfani, sai an goge a hankali kafin a kwance, wanda ya sa ƙarfi zai cinye zaren. Shim ɗin kuwa a zura su a waya yadda suka fito, guda ɗaya ya sauya wuri halin shok ɗin ya sauya. A shafa sandar da farce, in farce ya maƙale a wani karce ko kurom ya fara ɓarewa, sabon sil ma kwana kaɗan zai yi, sai dai a sake sanda. Ana canza sil, bushin, robobin zobe, ɗamarar fistin, bilada in ta tsufa da robar ƙasa in ta fara marmashewa.

Man shok siriri ne sosai, ba baƙin man inji ba kamar yadda wasu ke ɗurawa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne fitar da iska, a zuba mai, a riƙa tura fistin ana jawowa a hankali ana ɗan bubbuga sandar har kumfa ta daina tasowa, manyan gareji da injin zuƙe iska suke yi. Daga ƙarshe a ɗura naitirojin daidai abin da littafin babur ɗin ya ce. Iskar falkanaiza tana da danshi shi ya sa ba a son ta. Kafin a mayar da sifirin a tura sandar ciki da hannu, ya kamata ta shiga sumul ba tangarɗa ta kuma fito da kanta har ƙarshe.

Masu tsere kan canza mai duk bayan awa 40 zuwa 50 na tuƙi, kuma inda ƙura da yashi suka yi yawa kamar lokacin hunturu sil ya fi saurin ci. Shok ɗin ƙananan baburan haya dai yawancinsu a rufe suke daga kamfani, ba a yi su dan a buɗe ba, in sun mutu sabo ake saye.