Kafin ku ce famfo ya mutu: matsalolin injin matsar man gyaɗa na haɗin gida

A watan jiya aka kira ni wani ƙauye da ke kan hanyar Kumo, wai injin matsar man gyaɗa na ƙungiyar mata ya ƙi aiki. Haɗin gida ne, wani mai walda a cikin Gombe ya yi musu: famfon haidrolik da aka ciro daga tsohuwar tifa, motar lantarki, tankin da aka yanka daga farantin ƙarfe, sai silinda mai danna markaɗen gyaɗa. Kafin in iso har sun fara karo-karon kuɗin sabon famfo. Shugabarsu ta ce, "Malam, kuka yake kamar an zuba masa tsakuwa, kuma ba ya danna komai." Na buɗe murfin tanki, sai na ga man haidrolik ɗin da famfo ke turawa ya yi kumfa, ya koma kamar kunu. Famfon lafiyarsa ƙalau. Iska yake zuƙa ta wani kilif da bai ɗauru ba a tiyon da ke kai masa mai. Da sukundireba ɗaya aka gama aikin.

Yawancin abin da nake tararwa ke nan. Ana ɗora wa famfo laifi, alhali kuskuren yana wajen haɗi. Famfo tura mai kawai ya sani. Ƙarfin da ake gani yana samuwa ne idan man ya ci karo da abin da ya tare shi. Shi ya sa tiyon da famfo ke zuƙar mai da shi ya kamata ya fi sauran faɗi, ya zama gajere, ba lanƙwasa, kuma gara tanki ya zauna sama da famfo. Idan kun ga mai ya yi fari, ku ɗebi kaɗan a kwalba ku ajiye. In iska ce zai washe da kansa. In ya kwana yana nan fari, ruwa ne ya shiga, sai a zubar a sake.

Wani lokaci motar lantarkin tana juyawa amma mai ba ya tafiya sam. A duba kibiyar da ke jikin famfo. Galibin famfuna masu haƙora gefe ɗaya suke juyawa, in aka juya su baibai sai robar bakin shaf, wato sandar da ke juya famfon, ta fashe. A mota mai layi uku, musanya wayoyi biyu kawai ke sauya juyin, amma a bar wa mai aikin lantarki ya yi.

Inda na fi jin tsoro shi ne bawul ɗin da ke sakin matsi idan ya yi yawa. Na sha ganin injin da aka haɗa babu shi, wai don a rage kuɗi, ko kuma yana nan amma an ɗaure shi tam don injin "ya ƙara ƙarfi". Ku lissafa da kanku: silinda mai faɗin milimita 100, a matsin ba 150 ("ba", wato bar, shi ne ma'aunin matsi), tana danna kusan tan 12. Idan silinda ta kai ƙarshe, famfo yana ci gaba da turo mai, mai kuma bai da wurin zuwa, to dole wani abu ya ba da kai: tiyo, ko walda, ko motar ta ƙone. Kada a karɓi inji daga hannun mai haɗi sai da wannan bawul da agogon auna matsi, kuma a saita shi a gabanku, daga ƙasa ana ƙarawa a hankali.

Masu haɗi, ga lissafin mota. A ninka litar da famfo ke turawa a minti ɗaya da matsin da ake so, a raba da 600. Famfo mai lita 12 a matsin ba 150 yana cin kilowat 3, ban da asarar da ba a rasawa, don haka a nemi mai kilowat 4. Wanda ya sa ƙaramar mota kada ya yi mamaki in ta yi gurnani ta tsaya. Tanki kuma ya ɗauki kamar ninki uku na abin da famfo ke turawa a minti, domin mai ya samu ya huce. Da zafin Gombe na watan Afrilu, ƙaramin tanki ba ya jimawa. In ba ka iya ajiye tafin hannunka a jikinsa, kashe inji. Bututun da ke dawo da mai ya nutse cikin man, nesa da bakin tiyon da famfo ke zuƙa da shi.

Sai datti. A wanke tanki tas bayan walda, don ɓurɓushin ƙarfe shi ke cinye famfo. Kada a zuba baƙin man da aka juye daga injin mota, kada a haɗa da man birki. A nemi man haidrolik mai lamba 46 ko 68. Lokacin hunturu a rufe bakin tanki, a tace mai kafin a zuba. Bututun ruwa na gida kuwa bai da wuri a layin matsi, ko da an ga ya yi kauri.

Tunda abinci ake matsawa, a lura da silindar da ke sama da gyaɗa. In robarta ta fara tsiyaya, man haidrolik zai ɗiga cikin man da za a kai kasuwa da tunkuzar da za a yi ƙuli-ƙuli. A sa faranti mai tarewa, ko tun farko a haɗa silinda daga ƙasa.

Roƙona na musamman ga samarin da ke tsaron injin: kada ka bi tiyo da yatsa kana neman inda yake yoyo. Ɗan hujin da ido ba ya gani yana feso mai da ƙarfin da zai huda fata kamar allura. A yi amfani da kwali. Kafin a kwance kowane noti, a kashe mota, a motsa hannun bawul gaba da baya har agogo ya dawo sifili. Idan kuwa tsautsayi ya gitta, mai ya shiga hannu, wurin zai yi kamar cizon sauro, zafin ma ba yawa da farko, amma naman ciki yana lalacewa, har ana rasa yatsa. Ba aikin kemis ba ne. A wuce babban asibiti a wannan sa'ar, wanda yake kusa da gari ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A faɗa wa likita cewa man haidrolik ne ya shiga da matsi, a riƙe masa galan ɗin man ya gani.